Fatar Dodon da Kawu Ya Ɗinka

Shagon Kawu bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, yana maƙale tsakanin mai gyaran waya da mai aski. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana dukanci a kan kujera ɗaya, wadda ƙafarta ta baya ta gajarce har ya tallafe ta da dunduniyar tsohon takalmi. Jakar makaranta, bel, kujerar babur, takalmin da mai shi ya fid da rai, duk suna shiga wurinsa a galabaice su fito da ƙarfinsu. Babban yatsansa ya yi kanta har basilla ta daina huda shi. Ba ya karɓar aiki sai ya sunsuni fatar tukuna, wai ido kan ruɗe amma hancinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Ɗan ƙanwarsa, wanda yake kira Digiri tun ranar da ya gama jami'a, ya daɗe yana canza hanya in yana tare da abokai, don kada a kira shi daga cikin warin fata. Shekara biyu ya yi yana yawo da takardu kafin wani ƙaramin kamfani mai yin wasannin waya ya ɗauke shi gwaji na wata uku. Aikinsa rubuta bayanin kayan da jarumin wasan ke samu: rigar da aka saƙa da hasken wata, takalmin da ba ya barin sawu, da abin da ya fi taƙama da shi, fatar Dodon Wuta, wadda wuta ba ta ci, wuƙa ba ta yanka, mashi ba ya huda ta.

A makon ƙarshe Manaja ya ce baƙi za su zo daga kamfanin da ake fatan zai ɗauki wasan, kuma yana son su riƙe wani abu a hannu. "Ka samo mana fatar nan taka. In sun yi na'am, kujerarka ta zauna. In ba su yi ba, ka san hanyar gida."

Sai a ranar Digiri ya tuna yana da kawu.

Kawu ya saurari bayanin har ƙarshe, zare a baki. "To, Digiri, wuƙa ba ta yanka ta, da me aka feɗe shi? Mashi ba ya huda ta, da me za a ɗinka? Da addu'a?"

"Kawu, wasa ne fa, ba gaske ba."

"Ko a wasa ai wani ne ya ɗinka. Babu dabbar da ba ta da wuri mai laushi. Ka duba hammata, ka duba cikin cinya. Ta nan ake shiga, kuma tana ɗanya ake huda ta kafin ta bushe ta ƙi ka."

Digiri ya yi murmushin masu ilimi, ya duba agogo.

Kwana uku Kawu ya yi a kan abin. Ya ɗauki fatar akuya ya rina ta ja mai duhu, ya gasa bakin cokali ya riƙa danna mata ɓawo irin na kifi, ɗaya bayan ɗaya, har ɗari uku da wani abu. Ya ɗinka ta ta zama abin ɗaurawa a damtse. Da yake miƙa masa ya ce, "Akuya ce dai. Kada ka manta."

Digiri ya manta. A ɗakin taron, gaban baƙi huɗu, ya karanta bayanin. Da ya ga babu wanda ya motsa sai wani tunani ya zo masa, irin wanda ba ya zuwa sai ga mai takardar shaida. Ya ari laitar mai zanen kamfanin, ya ɗaga fatar, ya ce, "Wuta ba ta ci," ya kunna.

Wuta ta ci. Ɗakin ya cika da ƙaurin akuya, na'urar hayaƙi ta ɗau ihu, Manaja ya watsa ruwan gora ya jiƙa Digiri, bai taɓa fatar ba. Har yau in Digiri ya ji an ƙyasta ashana sai ya ja da baya.

Shugabar baƙin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗauki fatar daga ƙasa tana jujjuya ɗinkin. Ta ce, "Wannan dai ta ƙone. Ta cikin wasan fa, da ba ta huduwa, ya aka yi aka ɗinka ta?"

Digiri ya laluba kansa, ya laluba shekara huɗu na karatu. Sai ya ji bakinsa yana cewa a duba hammata, a duba cikin cinya, tana ɗanya ake huda ta. Matar ta cire tabarau. Ta ce ashe dodon yana da inda ake kashe shi, kuma dole jarumi ya yi gudu da fatar zuwa wurin baduku kafin ta bushe. Wannan shi ne wasan, me ya sa ba a fara gaya mata shi ba? Manaja ya ce dama suna shirin zuwa nan.

An bar wa Digiri kujerar, da sharaɗin ya rubuta badukun a cikin wasan, kuma kada ya sake taɓa laita a ginin.

Ya kai wa Kawu labarin da ragowar fatar. Kawu ya sunsuna ta, ya ƙirga ɓawon da suka tsira.

"Kawu, za a sa ka a wasan fa. Duniya za ta gan ka."

"Su gan ni su yi me? Ɓawo tamanin ka ƙona mini." Ya tura masa gwangwanin fenti da ƙafa don ya zauna a kai, ya miƙa masa cokalin. "Gasa shi. In za ka rubuta ni, fara sanin zafinsa."

Digiri ya zauna a bakin ƙofa, inda duk mai wucewa ke ganinsa. Ɓawon farko da ya danna ya fito a karkace, na biyu ya huda fatar.