Jar Alamar Kawu Mai Fenti

Jama'a, a gyara zama, mai tari ya yi yanzu. Ga Sarkin Buroshi, Dodon Bango, mutumin da ya rubuta sunan rabin shagunan birnin nan da hannunsa, amma ƙofar rumfarsa ko harafi ɗaya babu. Kawuna ke nan, ƙanin mahaifiyata. Bencinsa ne ofishina tun da ni da makaranta muka yi hannun riga.

Shekara ashirin da shida yana rumfar nan ta kwano, tsakanin mai faci da mai gyaran agogo. Kullum rediyo cewa take birninmu ne uwar kasuwanci, masu jari na kwararowa kamar fara. Ba ta yi ƙarya ba, sun zo. Benaye sun tashi, tireloli sun hana mu tsallaka titi. Sai dai kowa allon inji yake so, mai wuta yana ƙyaftawa. Kawu ya koma rubuta "Ba a fitsari a nan".

Na ce, "Kawu, ka sayi kwamfuta mana, ni in zama manaja."

Ya ce, "Kai da ko sunanka sai ka tsaya ka yi tunani?"

Ran Talata sai ga wani jami'i da fayil a hammata. Wai za a gina cibiyar kasuwanci mai hawa goma sha biyu a layinmu, ana neman mai fenti ya sa jar alama mai layi biyu a duk rumfar da za a rushe. Na leƙa takardar. Ta sha tara tamu ce.

Kawu ya karɓi aikin. Wata huɗu rabonsa da buɗe gwangwanin fenti.

Mai faci ya ce, "Haba Malam, da wuƙarka za a yanka mu?"

"In ban yi ba, wani zai zo ya yi muku ƙazamin aiki."

Abin da kowane mahaukaci zai shafa cikin ƙiftawar ido, Kawu sai da ya fito da zare da alli. Ya auna, ya ja zare, ya buga layi, sannan ya tsoma buroshi. Rumfa bayan rumfa, ni ina biye ina cizon yatsa.

Da muka iso tamu, jami'in ya tafi mota shan iska. Na sha gaban Kawu.

"Tsallake ta, don Allah! Wa ya gani? Ko ka sirka da ruwa, damina ta wanke. Kawu, nan kake ci, nan kake sha. In sun rushe, ina za ka? Kana zaton masu benen za su ce ga shago, zo ka zauna?"

Bai ko kalle ni ba. Ya goge ƙurar kwanon da tsumma, abin da bai yi wa rumfar kowa ba, ya ja layinsa biyu ja wur.

Na ce, "Shi ke nan, tarihi zai rubuta cewa kai ne gwarzon da ya kashe kansa da buroshi!"

Ya ce, "Ja da baya ka duba min, na hagun ya miƙe?"