Inna Mai Kwano da Kyanwar Mahaifiyata

Ƙarfe shida da rabi take isa asibitin dabbobi, kafin likita, kafin mai ba da kati. Ta rataye mayafinta a ƙusa, ta zura takalmin roba, sannan ta bi keji-keji tana kwaso kwanukan abinci. Ba ta wanke kwano sai ta duba shi tukuna: me aka ci, me aka bari, me aka amayar. Ta ɗaga shimfiɗa ta ga yawan gashin da ya zuba. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, shi ya sa kowa ya san ta da Inna Mai Kwano. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Da na tambayi mai ba da kati ko an shirya mata wani abu, sai ya ce ai mai shara ce kawai. Wallahi sai da na riƙe baki.

Mai shara! Ku tambayi mai gadin makarantar unguwarmu. Shekara uku karensa na tauna tafin ƙafarsa har jini, a yi allura ya lafa, baɗi ya dawo. Inna ce ta lura cewa ba ta ganin karen nan sai lokacin da ciyawa ke fure. Likita ya jawo katinsa ya duba kwanakin, ya ga haka ne, ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Ta ce wa mai gadin ya daina ɗaure shi a gefen fili, ya riƙa goge masa ƙafafu da ciki da jiƙaƙƙen tsumma in sun dawo zagaye, ya wanke buhun kwanciyarsa duk mako. Bana, in ji mai gadin, allura ɗaya ta ishe shi.

Amma ni ba labarin wani ya sa na ɗauki biro ba, nawa ne, kuma ba mai daɗin faɗi ba ne.

Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da mahaifiyata a ɗaki, abokiyar hirarta ɗaya ce, wata kyanwa mai ruwan toka da take kira Auta. Ni ne autan gidanmu fa, amma da raina da lafiyata aka ƙwace mini sarautar aka ba kyanwa. Bara Auta ta soma susa. Wuya, kunne, gefen ido, ta sosa har fata ta saɓule. Likita ya duba ƙuma, babu, ya duba ƙazuwa, babu. Ya ce yana zargin wani abinci ne bai karɓe ta ba, don haka mako takwas kada ta ɗanɗani komai sai abincin da ya rubuta mai naman zomo, ga kuma ƙwayar maganin ƙaiƙayi kowace safiya.

Na kafa doka a gida kamar soja. Na yi wa yara tsawa, na hana matata barin tukunya a buɗe. Da na ga susar ba ta ragu ba, sai na ɗora wa tsohuwa laifi, na ce ita ke ba ta madara a ɓoye. Ta rantse, ban yarda ba. Mako takwas suka cika, Auta ta zama abin tausayi, gyambo na ruwa, ƙashin baya a waje. Matata ta fara tsoron kada yara su ɗauka. Ni kuma na gaji, na je na ce wa likita a yi mata allurar hutawa kawai. Ya yi ta ba ni haƙuri, na kafe, na sa hannu a takarda. Aka tsayar da ranar Alhamis. Na bar ta can ran Litinin, na dawo na ce wa mahaifiyata an kwantar da ita ne.

Abin da ban sani ba, Inna ta tare likita a bakin ƙofa ta roƙe shi ya ba ta mako uku. Ta ce ta ga irin wannan susar ta kai da wuya sau da yawa, kuma ba ta yarda abinci ya fita daga zargi ba. Shi ya kira ni ya nemi a ɗaga ranar, na ce su yi yadda suka ga dama. A mako na biyu susar ta lafa. A na uku gyambon ya soma bushewa. Abinci ɗaya, magani ɗaya, a gidana kyanwa na mutuwa, a hannun Inna tana warkewa.

Ta aika aka kira ni. Na same ta a bakin famfo tana ɗauraye kwanuka. Ta tambayi wa ke ba Auta abinci, ina ake ajiye shi, ko tana shiga maƙwabta. Na amsa ina hura hanci, don na san ban bar ƙofa ba. Can sai ta ce, "Ɗana, ƙwayar maganin fa, yaya kake ba ta?"

Na yi dariya, na ba ta dabarata da alfahari. Auta ba ta haɗiyar ƙwaya, sai in cusa ta cikin ɗan guntun kifin gwangwani, ta lamushe ba gardama.

"Kullum?"

Na ce kullum, ko fashin kwana ɗaya ban taɓa yi ba. Ta ajiye kwanon hannunta a hankali.

"To ai ciwon da maganin a loma ɗaya kake ba ta."

Innalillahi. Na zauna a kan wani bokiti da aka kife. Ni a lissafina kifin nan ba abinci ba ne, magani ne. Sau nawa likita ya tambaye ni me take ci, na lissafa masa komai ban da shi. Kwana hamsin da shida ina ba ta abin da ke cinye ta da hannuna, ina yi wa uwata kallon mai laifi, daga ƙarshe kuma na sa hannu a kashe ta. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ni, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Inna ba ta yi mini gori ba. Ta naɗe Auta a tawul, ta nuna mini yadda ake buɗe baki da yatsa biyu, a jefa ƙwayar can ciki, a shafa maƙogwaro. Ta sa na gwada sau uku a gabanta, Auta ta yakushe ni sau biyu, Inna ta ce haƙƙinta ne. Likita ya yaga takardar nan.

Ranar hutunta na mako ita da kanta ta kawo kyanwar gida. Mahaifiyata ta tambayi abin da ya same ta, Inna ta ce kifi ne bai karɓe ta ba, ba ta ambaci laifina ba. Bayan ta tafi na durƙusa na faɗi komai, har zancen ranar Alhamis. Tsohuwa ta daɗe tana shafa bayan Auta ba ta dube ni ba, sannan ta ce, "Da ka kashe ta, da wa zan riƙa hira?"

Inna, ke ce uwar marasa baki. Ke ce kika yi tambayar da ba wanda ya yi, kika tsaya wa dabbar da mai ita ya sallama, kuma kika rufa mini asiri a gaban mahaifiyata alhali ban cancanta ba. Na gode, na gode. Allah Ya ba ki hutu mai albarka, Ya saka miki da abin da ba mu iya ba.

Ku kuma masu kiwon kare da kyanwa, da ku matasan da za ku gaji takalmin robarta, ku yi koyi da ita. Ku duba kwano kafin ku wanke, ku lura da watan da susa ke tashi, ku ƙirga duk abin da ya shiga bakin dabba, komai ƙanƙantarsa. Kada ku yi saurin yanke hukunci irin nawa. Auta ta yi gashi, ta yi ƙiba. Kowace safiya in na shiga gaida tsohuwa, ita ke fara tarbata da gudu tana goga kanta a ƙafata. Ba ta san abin da na yi ba, ni kuwa na sani.