Ranar da Kawu Ya Yi Ribas

Kawuna ne ya samo mini aikin akawu a wani kamfanin fata da ke Challawa a Kano, a farkon shekarun tamanin. Shi ne babban direban kamfanin. Ya daɗe yana jan babbar mota mai bodin katako kafin a sayo tireloli, aka raba wa tsofaffin direbobi bisa girma. Ba wanda ya tambaye su ko sun iya, su ma ba wanda ya ce bai iya ba. Mutumin da ya san kowane rami tsakanin Kano da Legas, wa zai zaunar da shi ya koya masa tuƙi?

Teburina yana kusa da dakalin lodi, shi ya sa ban yi wata guda ba na lura da wani abu. Ban taɓa ganin masu son nafila irin direbobinmu ba. Da direba ya shigo get, sai ya tsayar da tirela a tsakiyar fili, ya bar makulli a jiki, ya ɗauki buta ya yi bayan sito. In da hantsi ne, walha zai yi. In da rana ne, akwai wata raka'a biyu da ya ɗauki alkawarinta a hanya. Wanda ya shigo bayan la'asar, lokacin da ba a nafila, shi kuma cikinsa ne ke murɗawa. Kafin ya dawo, tirela ta shiga lungun dakali da baya, ta tsaya daram, masu lodi sun fara jibga fatu.

Mai wannan aikin maigadinmu ne, wani siririn tsohon soja da kowa ke kira Kofur. A soja ya koyi jan manyan motoci, amma ba shi da lasisi. Ita tirela, tafiya gaba ba wuya. Da baya ne take nuna hali: ka karya sitiyari dama, gindinta ya yi hagu, ka matsa mata, ta naɗe kamar aska. Kofur kuwa da hannu ɗaya yake shigar da ita, yana tauna goro.

Ba a maganar, ba a kuma yi masa godiya, don godiya tonon asiri ce. Sai dai duk wanda ya dawo daga kudu ya ajiye doya ko galan ɗin manja a ɗakin gadi, ya ce tsaraba ce ta yara. Daga baya na gane get ɗin kowane kamfani yana da nasa Kofur, a Bompai, a Sharada, har bakin ruwa a Legas. A hanya kuwa dabara ce: ba a shiga gidan mai sai wanda ke da mafita ta gaba. Wata rana kawu ya rage mini hanya a tirelarsa, ya wuce wata kwana a Sharada da abin da bai fi taku goma ba. Muka zagaye Sharada kaf, yana ce mini so yake in ga yadda gari ya ci gaba. Na yi ta gyaɗa kai, na makara.

Ana nan aka kawo sabon manaja, baƙo daga ƙetare, ba ya jin Hausa, ba ya kuma zama a ofis. A mako na biyu ya fito zagaye da hantsi, ya tarar da maigadi a kan sitiyarin tirelar kamfani. Ya sa aka tara direbobi, aka kira ni tafinta. Ya ce inshora ba ta san maigadi ba, kuma duk wanda ke wasa da motar kamfani a bayan idon direba, ya ajiye kakinsa ya tafi.

Na faɗa musu da Hausa. Na jira.

Direba takwas ne a tsaye, kowa da doyarsa a cikin Kofur. Ɗaya ya girgiza kai ya ce, "Gaskiya Kofur ka yi ganganci." Wani ya ce dama ya daɗe yana mamakin wanda ke taɓa masa kujera. Raina ya ɓaci. Kofur yana da iyali a ɗakin haya a Kumbotso, kuma a shekarunsa ba wanda zai sake ɗaukarsa gadi. Ya ƙame kamar a fareti, idonsa a kan bango. Ni ma da nake ta fushi ban kare shi ba, don tirelar da aka kama shi a ciki ta kawu ce.

Kawu ya miƙa wa manaja hannu. "Ce masa ya ba ni makullin."

Na matsa kusa da shi. "Kawu, ku bari mana. A yi magana a ofis."

"Kai aka aiko ka ba ni shawara, ko tafinta?"

Ya gyara hularsa, ya hau, ya fito da tirelar tsakiyar fili, ya sa ribas. Masu jima sun fito da safar roba a hannu, masu lodi sun hau kan dakali, har mai kunu ta bakin get ta leƙo. Gindin tirela ya nufi famfo. Ya yi gaba, ya sake. Ta nufi ɗakin gadi. A karo na uku ta ture durom ɗin gishiri, a na huɗu ta kwashe rumfar da direbobi ke shan shayi. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Daga ƙarshe ta naɗe, kan motar ya komo yana kallon bodi, ta toshe fili gaba ɗaya. Kawu ya kashe inji ya sauko, rigarsa sharkaf.

"Ce masa iyakar abin da na iya ke nan. Tun ranar da aka kawo motocin nan, wancan bawan Allah ke shigar mini da ita."

Kunya ta kama ni. Wannan mutumin shi ya riƙe ni, shi ya yi mini aure. Na juya na ce wa manaja madubin motar ne ya sami matsala. Kawu ba ya jin Turanci, amma ba direban da bai san sunan madubi ba.

"Ɗan nan," in ji shi a hankali, "ban ce madubi ba. Faɗa masa yadda na faɗa."

Na faɗa, kaina a ƙasa. Manaja ya dubi tirelar, ya dubi filin da ya toshe, ya dubi sauran direbobi, ya tambaya ko akwai mai warware ta. Nan take kowa ya sami abin dubawa a takalminsa. Kofur aka miƙa wa makulli.

Ba a kori Kofur ba. Kamfani ya yanka masa lasisi, aka ba shi aikin juya motoci a fili, har da sabuwar hula. Sauran direbobi kuwa ba a gwada ko ɗaya ba, don manaja ba wawa ba ne, ya san in ya gwada su ba mai kai masa fata Legas. Kowa ya riƙe tirelarsa. Kawu kaɗai aka mayar kan tsohuwar mai bodin katako, yana ɗauko gishiri daga Bompai.

Abokansa suka daina zama a tabarmarsa. In suka wuce shi a titin Zariya, sai su danna masa hon daga can sama, su ɗaga masa hannu irin na tausayi. Bai taɓa kiran sunan kowa ba, ko a gida. Har Allah ya karɓi ransa, in ka je Challawa ka tambaya, za a gaya maka direba ɗaya tak aka taɓa yi a wurin wanda bai iya ribas ba, kuma kawuna ne.