Belin Da Baba Bai Cire Ba

Babanmu wanzami ne a Batsari, kuma ba ya bari a manta da hakan. Daga Darini har Yasore, in ya gamu da mutum a kasuwa, kafin su gama gaisawa sai ya tuna masa cewa shi ya cire masa beli, ko da mutumin gemunsa ya fara furfura. A wurin Baba, ɗan naman nan da ke reto a can ƙuryar baki shi ne uban kowace cuta: tari, amai, rama, ina jin har da rashin kunya. Jariri na kwana uku a duniya za a ga Baba da zabirarsa a ƙofar gida. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, amma wannan bai hana shi cire nawa ba.

Aure ya kai ni Safana, gidan mahauta. 'Ya'yana biyu na farko duk Baba ne ya hawo babur ya zo ya yi musu aikin, ya ci balangu ya ƙoshi, ya koma yana yabon surukinsa.

Cikina na uku yana wata biyar malamar awo ta tura ni Katsina a yi mini hoton ciki, saboda ƙafata ta kumbura. Ni murna ma na yi, na sa rai zan biya kasuwa in duba atamfa. Muka tafi da maigidan. Likitar mace ce, mai fara'a, tana goga abin nan a cikina tana jana da hira. Can sai hirar ta tsaya. Ta daɗe tana kallon wuri guda.

"Mace ce," in ji ta. "Zuciyarta lafiya, kanta lafiya. Sai dai leɓenta na sama a tsage yake. Rufin bakin kuma ba ya fitowa sosai a hoto, sai an haife ta za mu tabbatar."

Nan take atamfa ta fita daga raina. Ta bari na share hawaye, sannan ta tambaye mu ko an taɓa haihuwar wani haka a danginmu, domin wani lokaci yana bin jini.

"Mu?" na ce. "Likita, gidanmu gidan wanzamai ne. Babu bakin da Babana bai leƙa ba. Da akwai da mun sani." Sai na waiwaya na zuba wa maigidan ido.

"To mi kike kallona?" ya ce. "Kin taɓa ganin wani a gidanmu?"

Likitar ta yi mana bayanin wani gwaji. Ana sa allura a ɗebi kaɗan daga ruwan da jariri ke kwance a ciki, a aika da shi can nesa, a duba ko tsagar ita kaɗai ta zo ko tana tafe da wata larurar. Ta ce ba dole ba ne, shawara tamu ce. Maigidan, mutumin da kullum yake kayar da bijimi, da ya ji an ambaci allura a ciki sai ya nemi kujera. Ni kuwa abin da na tambaya shi ne ko gwajin zai nuna daga gidan wa abin ya fito. Ta yi dariya ta ce nan asibiti ne, ba kotu ba. Da muka ji gwajin ba zai sauya komai a rainon cikin ba, muka ce mun bar wa Allah.

Har mun miƙe ta tsayar da mu. Ta ce ana gyara leɓen da aikin tiyata in yarinya ta yi 'yan watanni, rufin bakin kuma in shi ma a tsage yake daga baya, za ta ci ta yi magana kamar kowa. "Amma ku ji ni da kyau. Kada kowa ya sa mata ƙarfe a baki. Ban da cire beli. Naman wurin da shi za a yi gyaran, kuma jini zai iya ɓalle mata."

Wannan karon maigidan ne ya waiwayo ya zuba mini ido.

Wanda bai san Baba ba zai ce ai magana ce ta minti ɗaya. Yayana ya taɓa zuwa shagon aski aka yi masa da inji, Baba ya kusa shekara ba ya amsa gaisuwarsa. To ina ga ni in ce masa kada ya taɓa jikarsa, askar da ya gada tun kaka da kakanni cutar da ita za ta yi? Ina tsoron in yi shiru a nakasa mini yarinya. Ina kuma tsoron in yi magana Baba ya ɗauke ƙafa daga gidana har abada.

Surukata ita ma ta gudanar da nata binciken, ta gano cewa yawan riƙe wuƙa da ciki ne ya jawo. Ta bi gida ta tattara wuƙaƙe ta kai ɗakinta, a gidan mahauta fa. Ban yi mata gardama ba ko kaɗan. Har na haihu ban ƙara yanka ko albasa ba, ina zaune a tabarma ana kawo mini.

Maganar Baba ce ta gagara. Na je Batsari da niyyar faɗa masa, na tarar yana wasa askarsa yana cewa, "Uwata, ga ta nan tana jiran baƙonmu." Na ce Allah ya kai mu, na ci tuwo na dawo. Na kira shi a waya, muka ƙare a farashin gero. Na ce wa maigidan shi ya faɗa masa, tunda shi ne namiji.

"Ni? In dubi idon Baba in ce mashi haka? Ke ce ɗiyarshi. Ki aike ni ko'ina ban da nan."

A asibitin Katsina na haihu. Da aka miƙo mini ita, na yi zaton zan firgita. Sai na ga wata 'yar mitsitsiya mai uban gashi tana hararata, tsagar ta tashi daga leɓe har cikin hanci, rufin bakin ma a buɗe. Wani irin so ya kama ni har ƙirjina ya yi zafi. Ba ta iya kama mama, don haka aka koya mini in tatsa in ba ta da ƙaramin cokali, a zaune, kaɗan-kaɗan. Muka dawo Safana da cokalinmu.

Da hantsin rana ta uku na ji tsayawar babur. Maigidan ya tuna yana da wani aiki na gaggawa a mahauta, ya bi ta ƙofar baya. Baba ya yi sallama, suka gaisa da surukata gaisuwa mai tsawo, har awaki sai da aka tambayi lafiyarsu. Sannan ya shigo ɗakina ya zauna, ya ajiye zabira a gefen ƙafarsa.

"Barka da arziki, Uwata. Miƙo mani amaryar."

Na ƙanƙame ta. Duk kalaman ladabin da na yi watanni ina shiryawa suka gudu, bakina ya saki abin da ya ga dama. "Baba, ba za a cire mata ba. Likita ta hana. Ko za ka yi fushi da ni, wallahi ba za a cire ba."

Ya dube ni kamar na yi masa magana da wani yare. "Miƙo ta nan, na ce."

Na miƙa, amma na sa ƙafa na take bakin zabirar. Ya yaye zanen da ke fuskarta. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya sa ɗan yatsa a haɓarta, ya juya ta wajen hasken ƙofa, ya leƙa ciki. Ina jira ya fara faɗa.

"Haka take," ya ce a hankali. "Sak haka take."

"Wa, Baba?"

"Ƙanwata. Ina yaro Inna ta haife ta. In ta sha nono ta hanci yake fitowa. Babana ya ce beli ne ya tare, ya cire mata. Ba ta kai suna ba." Ya gyara wa jaririyar zane. "Ba a ƙara zancenta ba a gidan. Ni ma ban ƙara ba."

Ni da na bugi ƙirji a gaban likita, ga amsar tambayarta zaune a kan tabarmata. Amma ba wannan ne ya sa ni kuka ba. Na tuna Innar da nake ɗauke da sunanta, tana tatsar nono ba ta da wanda zai ce mata ga cokali.

Baba ya tambaye ni ko da gaske ana gyarawa. Na ce ana gyarawa. Ya tambaya ko tana sha. Na ɗauko kofi da cokali na nuna masa. Ya zuba ido yana kallon maƙogwaronta, duk haɗiyar da ta yi sai ya ce, "Yauwa." Da kansa ya janye zabirar daga ƙarƙashin ƙafata ya ɗaure bakinta.

Mutumin da bai taɓa kwana a garin surukai ba, ranar bai koma Batsari ba. Ya samu ɗaki a gidan wani abokinsa wanzami. Kullum da safe sai ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ta sha?" In na ce ta sha, sai ya koma zaure ya zauna. Maigidan ya yi ta aiko masa da balangu, yawanci sai dai yara su cinye.

Ranar suna ya buɗe zabirar, ya ɗauko aska guda ɗaya. Ya yi wa yarinyar askin suna a hankali, uban gashin nan yana zuba a ƙwarya. Da ya gama ya miƙo mini ita, idonsa ya yi ja.

"Uwata," ya ce, "wannan ta kai suna."