Wayar da Na Rufe a Kwalla

A shekarar da ruwa ya cinye kwalbatin hanyar fadama, wasu baƙi suka zo Haɗeja daga birni, suka ce bincike suke yi a kan masu keke. Wai hanyar da kekuna suka fi bi, ita za a fara gyarawa. Ba tsayawa za su yi bakin hanya su ƙirga ba. Wani abu suke sa wa mutum a babbar waya, duk inda ya taka kekensa wayar ta kai musu labari.

Ɗana na fari yana da irin wayar, suka sa masa. Shi kuwa kullum da sassafe yake hawa keke zuwa gonarmu ta shinkafa, shi da mazan unguwa, manoma da masunta. Tun da kwalbatin ya tafi, in sun isa wurin sai su naɗe wando, su saɓa keke a kafaɗa, su ratsa ruwa har ƙugu. To wa zai shiga ruwa da waya mai tsada a aljihu? Kowa a gida yake barin tasa. Ɗana ni yake miƙa wa, ni kuma in sa ta cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwana, in rufe kada ta fashe, sai ya dawo da la'asar ya karɓa. Haka muka yi damina guda, ina ganin adani na yi.

Bayan kaka baƙin suka dawo, aka tara mu a ƙofar gidan mai unguwa. Suka buɗe wata takarda mai zane. Hanyar ma'aikata ta yi ja wur, don malaman makaranta da 'yan ofis da wayoyinsu suke tafe. Tamu kuwa fara fat. Wani mai tabarau a cikinsu ya ce abin da wayoyi suka nuna, mutanen unguwar nan wuni suke yi a gida, sai la'asar su ɗan leƙa kasuwa.

Wuni a gida. Mutanen da ƙafarsu ta tsage da ruwa.

Na miƙe, na ce, "Ɗan nan, zo ka duba kafaɗar ɗana, ka ga kantar da ƙarfen keke ya yi masa. Wayar ce ba ta fita. Tana cikin kwallata."

Ya ce, "Yi haƙuri, Iya, an riga an rufe ƙidaya."

Damina guda suna bin wayoyi, ba wanda ya cire takalmi ya zo bakin ruwan nan, ba wanda ya yi sallama ya tambayi tsohuwa. Aka gyara hanyar ma'aikata. Tamu tana nan, bana ma a kafaɗa ake ƙetarar da keke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni da hannuna na riƙa rufe murfin.

Yanzu duk safiya sai in ƙulle wayar a leda biyu, in rataya wa ɗana a wuya. Yakan ce ai an daina ƙirgawa, abin ma an cire shi. Ni kuwa in ce ya dai tafi da ita.