Inna Safinatu da Yaran Mandera Ashirin da Uku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 7 ga Agusta, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hajiya Safinatu Malami, jami'ar lafiya da ta shekara talatin da ɗaya tana yi wa yaran Bodinga da Shagari allurar rigakafi. Ta rasu a gidanta a Bodinga bayan jinyar ciwon ƙoda ta wata huɗu, aka yi mata sutura bayan azahar. Mu da muka yi aiki a ƙarƙashinta Inna muke ce mata, kuma ta ci sunan.

Inna, ni ce Mufida, wadda kike tsokana da "mai takarda". Bara aka turo ni wurinki, ina taƙama da sakamako mai kyau. Na haddace sunayen cututtuka da Turanci, amma ko riƙe jariri mai harbi da ƙafa ban iya ba. Ke kika nuna mini yadda uwa ke matse ƙafafun ɗanta tsakanin cinyoyinta kafin a soka allura. Ke kika ce in na shiga gida in fara gaishe da kaka, domin in ta ƙi, uwa ba ta da ta cewa. Da na rasa masauki, wata biyu na yi a ɗakin 'yarki, kwano ɗaya muke ci.

Sai ranar nan ta watan Oktoba, cikin zafin kaka, da muka je Horo Birni. Mata sun taru a gindin bedi, wato dalbejiya, kika buɗe akwatin sanyi da muke ɗauko rigakafi a ciki, kika ɗaga kwalba ɗaya, kika tsaya kina kallonta. Ta daskare.

Kika ce, "Wa ya shirya akwatin ga?"

Na ce ni ce, har da ƙarin bayani: na cika shi da robobin ƙanƙara kai tsaye daga firji saboda zafin da ake yi. Wallahi yabo nake jira.

Kika ce, "Ɗiyata, wagga allura sanyi take so, ba ta son ƙanƙara. In ta daskare ta mutu. Ko ta narke, ruwan banza na."

A makaranta an nanata mana cewa zafi yana kashe rigakafi. Maganar daskarewa layi ɗaya ce a cikin takarda, babu wanda ya taɓa ɗora mana robar ƙanƙara a hannu. A nan gindin bedi kika koya mini: a ajiye robar a waje har ta yi gumi, a girgiza a ji motsin ruwa, sannan a jera ta. Kika ba matan haƙuri, kika sa musu wata rana.

Ni kuwa sai na tuna Mandera. Mako ɗaya kafin nan, da kika tafi taro Sakkwato, ni kaɗai na je Mandera, haka kuma na shirya akwatin. Yara ashirin da uku na yi wa, na cika katinsu, na dawo ina murna. Babu wanda ya sani, babu mai iya ganewa. Ba zan ɓoye miki ba, Inna, na yi niyyar yin shiru, don tsoron kada a kore ni. Sai da muka kama hanyar gida da la'asar bakina ya buɗe.

Kika ce, "Ɗiya nawa?" Na faɗa. Kika ce, "Gobe Mandera muka nufa."

A gaban maigari kika durƙusa kika ce laifin naki ne, ke kika aiki yarinya ba ki koya mata ba. Ina gefe, kunya kamar in nutse. Mata sun yi fushi, kuma da gaskiyarsu. Wata mai suna Lami ta ce ɗanta ba akuya ba ne da za a riƙa soka masa allura duk sanda aka ga dama. Kika zauna a tabarmarta kina taya ta gyaran albasa, sai da ta gaji ta miƙo yaron da kanta. Cikin kwana tara muka sake yi wa ashirin da biyu.

Saura ɗaya: Nana Fatima, jaririyar wani makiyayi, Haliru, wanda ya tashi da iyalinsa da shanunsa ya yi kudu kafin mu koma. Abin da ya hana ki sukuni shi ne katinta. Ya nuna an yi mata, alhali ruwan banza aka yi mata, duk ma'aikacin da ya duba zai ce ta tsira ya wuce ta.

Daga nan kowace ranar kasuwar Shagari sai kin ratsa layin masu nono kin tambayi labarin Haliru. Daga nan kuma kika kafa zaman Laraba. Duk sabon ma'aikaci, komai girman takardarsa, sai ya shirya akwati a gabanki, ya auna damtsen yaro, ya cika kati, kina kallo. Kina cewa rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya fi shi muni shi ne ma'aikacin da ke jin kunyar tambaya. Ba ki taɓa ba da misali da sunana ba. Ni na riƙa tashi ina ba da labarin da bakina.

Da ciwo ya kwantar da ke a watan Afrilu, duk zuwan da na yi, kafin in gama gaisuwa sai ki ce, "An ji labarin Haliru?" Har zuwana na ƙarshe, da muryarki ta dusashe, tambayar ke nan. Na ce tukuna. Ya yi mini ciwo da na ba ki wannan amsa, har yanzu yana yi.

Kwana goma sha ɗaya da binne ki, wata mai sayar da nono ta shigo asibitinmu tana neman Hajiya. Ba ta ji rasuwar ba. Ta ce kin roƙe ta in su Haliru sun dawo ta sanar da ke, ga su sun sauka kusa da Lambara.

Na shirya akwati, na jira robobi suka yi gumi, na hau babur. Na tarar da Nana Fatima lafiya lau, har ta fara tafiya, tana riƙe da zanen uwarta. Na faɗa wa iyayenta gaskiya, wannan karon na ce laifin nawa ne. Suka yarda, na yi mata, ta tsala ihu. Na ciro waya in kira ki, sai da na kai kan sunanki na tuna.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Malam Bawa, da 'ya'yanki Yusuf da Nusaiba, da ma'aikatan lafiyar Bodinga da Shagari baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙan ki da rahama, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk yaron da ya rayu ta hannunki da hannun waɗanda kika koyar ya zama sadaka mai gudana a gare ki. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Kuma ina roƙonsa ya isar miki da saƙon da ban samu faɗa miki ba: Inna, sun cika ashirin da uku.