Takwas da Baƙar Mota

A filin sayar da motocin da ke bakin babban titi, bayan gidan mai, akwai wani mutum da ba ya sayar da komai, ba ya gyara komai, ba ya ma wanke komai. Aikinsa ya shiga mota, ya zaga da ita, ya dawo ya zage ta. Ana kiransa Takwas.

Aƙidarsa ce ta ja masa sunan. A wajensa mota ita ce 'yar Amurka mai silinda takwas, mai dogon hanci, wadda in an tayar da ita sai gilasan ofis sun yi rawa. Mai silinda shida ƙanwar mota ce. Mai huɗu kuwa keken ɗinki ne da aka yi wa rufi. Ya ja tirela a ƙuruciyarsa, ya yi direban wani kamfani har zuwa ranar da ya gaya wa mai kamfanin cewa motarsa ba ta da tarbiyya. Da aka sallame shi, mijin yayarsa, mai filin, ya ɗauko shi ya damƙa masa makullai, ya ce duk mai son motar Amurka shi zai riƙa fita da shi gwaji.

Takwas yana da doka guda biyu: ba ya buɗe bonet, wato murfin inji, ba ya karanta takardar mota. In mai saye ya zo yana cewa takarda ta nuna ƙarfin doki ɗari huɗu da hamsin, sai Takwas ya leƙa ƙarƙashin motar, ya leƙa but, ya ce, "To ina aka ɗaure su? Wa yake ba su ruwa?" A cewarsa lamba aikin masu talla ce. Mota a kunne ake jin ta, a tafin hannu, da kuma a gadon baya. Akwai wadda kana taɓa totur za ta manna ka da kujera kamar ka ci mata bashi, amma in kun zo kwana sai ta yi kamar ba ta san ka ba. Akwai wadda ƙarfinta bai kai ba, amma tana jin magana. Duk wannan yana faɗarsa ne da tsawa, domin bai taɓa yarda cewa akwai gaskiyar da za a faɗa a hankali ta shiga ba.

Da mai filin ya rasu, 'yarsa ta karɓi wurin. Takwas ya ɗauke ta a kafaɗa tana jaririya, ya sha goge mata majina, yanzu kuma ita ke zaune a bayan tebur. Yana kiranta Manaja, yana jan kalmar yadda kowa zai gane ba girmamawa ba ce. Ita kuma ta jure, har ranar da wani mai saye ya zo da iyalinsa, Takwas ya dube shi ya ce, "Malam, kai da ka riƙe sitiyari kamar farantin da aka ba ka aro, me za ka yi da wannan?" Mutumin ya kwashi iyalinsa ya fita.

Manaja ta kira shi ofis ta rufe ƙofa.

"Kawu, don Allah zauna."

"A tsaye ma ina ji."

"To ka ji da kyau. Na gaji da ba mutane haƙuri. Ka sake korar mini mai saye, ka ajiye makullai ka koma gida ka huta."

"Ni za ki kora?"

"Ba kora ba ce, Kawu. Hutu ne."

Ya fita ya buga ƙofar har kalandar bango ta faɗo.

A gida ma bai samu mai tayawa ba. Yana ta faɗa a tsakar gida, matarsa tana shanya, ta bari ya gama sannan ta ce, "Maigida, tun ɗazu nake kiranka ta wannan gefen, ba ka juyo ba. Kunnen nan naka na hagu ya kamata a duba shi."

"Ina jin ki. Amsawa ce ban ga dama ba."

"To me na ce?"

Ya ɗauki buta ya bar wurin. Mutumin da yake gane fulogin da ya mutu daga tsallaken titi, shi za a ce wa ya je a duba kunnensa. Ya ƙudura a ransa cewa matan danginsa sun haɗa baki.

Ba a jima ba wata likitar haƙori ta zo filin. Mace ce mai natsuwa, ta ce ta gaji da motar da sai ta roƙe ta kafin ta wuce tirela, tana son mai ƙarfi. Manaja ta nuna mata guda biyu da aka sauke a makon, ja da baƙa, ƙirarsu ɗaya, hancinsu ɗaya, tsohon mai baƙar ma ya ɓamɓare duk rubutun da ke jikinta. Ta miƙa wa Takwas makullai biyu, ta dube shi irin duban da ba ya buƙatar fassara.

Ana yayyafi suka fita da jar. Tun daga ƙofar fili ta fara gurnani, Takwas ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. A miƙaƙƙen titi ya taka ta, kan Likita ya bugi matashin kujera. Da suka zo kwanar gada, titi a jiƙe, bayan motar ya zille gefe, ya kamo shi da sitiyari yana murmushi.

"Malam direba, lafiya kuwa?" Likita ta tambaya, hannunta biyu a jikin ƙofa.

"Lafiya lau. Wasa take yi."

"Ni ba na wasa da abin da ya fi ni nauyi."

Ya haɗiye amsar da ta zo masa baki, ya tuna da makullai.

Kafin su shiga baƙar motar, ruwa ya kece sosai, dole aka ɗaga gilasai. Ya tayar da ita, murya mai kauri ta cika cikin motar, tsaf, babu tari babu kakari. Ya taka totur, ta ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ta ɗebe su. Ya gaya wa Likita cewa wannan jim ɗin alamar hankali ce. A kwanar gada ya shirya hannu zai kamo bayanta, sai ya ga babu abin kamowa. Inda ya nuna mata nan ta bi. Hancinta ba nauyi, birkinta ba gardama. Ya sake zagayowa ya bi kwanar ba tare da wani dalili ba, abin da bai taɓa yi wa mai saye ba.

Suna komawa fili ruwa ya tsagaita, bakanikai sun taru a ƙarƙashin rumfa. Takwas ya fito ya dafa rufin baƙar, ya ɗaga murya yadda har na gidan mai za su ji.

"Ku zo ku ga mota! Mai silinda takwas ke nan ta gidan mutunci. Jar can ƙarfi gare ta, amma ba a yi mata tarbiyya ba. Wannan kuwa, ku ji muryarta. Ko ina barci aka tayar da ita zan ƙirga muku silindojinta ɗaya bayan ɗaya."

Mai gyaran wayoyin mota, wanda ake kira Rewaya, dattijo ne sa'an Takwas kuma abokin faɗansa, ya sa hula ya toshe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa. Manaja ta yi masa alama da ido ya bari. Bai bari ba. Ya taso ya ja bonet ya ɗaga.

"Zo ka ƙirga mana, Takwas. A farke ma ya isa."

Takwas ya karya dokarsa ya leƙa. Ya ƙirga. Ya zagaya ɗaya gefen ko sauran suna can. Babu. Huɗu ne a jere, da turbo mai ƙara wa inji ƙarfi a maƙale a gefe kamar katantanwa.

"To muryar fa?"

"Lasifika," in ji Rewaya. "Can suka naɗo ta suka zuba a ciki. Kana taka totur tana rera maka. Mu da muke waje ba mu ji komai ba sai fuuu."

Abin da ya biyo baya, mutanen filin har yanzu suna ba da labarinsa. Takwas ya zagi wanda ya ƙera motar, da wanda ya naɗi muryar, da jirgin da ya ɗauko ta, da ruwan da ya sa aka ɗaga gilasai. Ya ce ƙasar da ta iya yin inji mai tsawa ta koma yi wa keken ɗinki kwaikwayon murya, wannan ba ci gaba ba ne, rashin kunya ne. Kunnensa na hagu kaɗai bai ambata ba. Ya tura kai ƙarƙashin sitiyari yana cewa, "Ina take? Nuna mini!" Rewaya ya nuna masa wata 'yar waya, ya fizge ta ya jefar a kan kujera. Ya sake tayar da motar. Ta yi wani ɗan siririn sauti mai ladabi.

"Kawu!" in ji Manaja. Ta riga ta miƙo hannu, tafin a buɗe, tana jiran makullai.

Likita ba ta motsa ba. Mutum ce da ta saba ganin manya suna ihu a kan kujerarta. Ta jira ya numfasa, ta ce, "Malam direba, ni dai ban ji amsata ba. Wacce zan saya?"

Ya dubi jar. Duk abin da ya yi shekaru yana wa'azi a kai yana cikinta, kuma ya san in ya ce ita ce, matar nan ko dai ta fasa sayen, ko damina ta gaba a ciro ta daga ƙarƙashin gada. Ya dubi baƙar. Tafin hannunsa bai manta kwanar ba, ba kuma lasifika ce ta juya sitiyarin ba. Wannan ne ya fi ƙona masa rai.

"Sayi maƙaryaciyar," ya ce, kamar ana cire masa haƙori. "Bakinta ne ke ƙarya. Ƙafafunta ba sa yi."

"A mayar mata da wayar, Likita?" Rewaya ya tambaya.

"A'a, ku bar ta haka. Wuni nake ina jin ƙarar inji a bakin mutane."

Manaja ta sauke hannunta a hankali ta shige ofis da Likita. Makullai suka zauna a aljihun Takwas.

Washegari yana shigowa fili Rewaya ya ɗago daga cikin wata mota ya ce, "Barka da asuba, Huɗu." Kafin azahar mai wankin mota ya ɗauka, ma'aikatan gidan mai suka ɗauka, Manaja ma sau ɗaya bakinta ya suɓuce ta ce Kawu Huɗu. Ya rantse ba zai taɓa amsa sunan ba, kuma har yau yana kan rantsuwarsa. Sai dai Rewaya ya gano cewa in ta gefen dama aka kira, wuyansa yakan ɗan motsa kafin ya tuna.